Cefanar da kamfanonin waya a tsoffin ƙasashen gurguzu: me ya sa gasar ta yi nawa?

Ɗalibin Tattali ya rubuta:

Assalamu alaikum malamai. Tambayata a kan ƙasashen da suka bar tsarin gurguzu ne bayan 1989. Da yawansu sun sayar da wani kaso na kamfanin wayar gwamnati ga kamfanonin Yammacin Turai ko na Amurka, amma a cikin takardar cinikin aka yi wa mai saye alkawarin babu wanda zai yi gasa da shi a wayar girke har shekara biyar, takwas, wani wurin ma ashirin. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, in dai gasa ake nema, don me aka fara da sayar da babakere? Sannan da wa'adin ya cika aka ce an buɗe kasuwa, me ya sa sababbin kamfanonin wayar girke suka kasa kataɓus, alhali a salula kamfani uku ko huɗu na ta kokawa? Ina so a ware mini wanne ne laifin doka, wanne ne kuma na injuna da wayoyin da aka gada.

Malam Mai Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗalibi. Kafin ka zargi masu cinikin, dubi abin da suka tarar. A 1989 Foland da Hangari ba su kai layi 10 ga mutum 100 ba, yayin da yawancin Yammacin Turai ta haura 40. Iyali kan rubuta takardar neman waya su yi shekara goma ko fiye suna jira. Baitulmali babu kuɗi, kuma ja layi ɗaya zuwa gida aiki ne na haƙa rami da binne kebul da sayen inji, wanda sai an shekara da shekaru kafin ya mayar da uwar kuɗi.

Ga kuma matsalar farashi, wadda ita ce ainihin hujjar babakeren. A tsohon tsari kuɗin hayar layi na wata da kiran cikin gari ba su kai abin da ake kashe musu ba, ana cike giɓin ne da tsadar kiran nesa da na ƙasashen waje. In ka buɗe kasuwa a wannan hali, sabon shiga ba zai je ƙauye ja waya ba. Babban birni zai zauna, ya kama bankuna da otal-otal da ofisoshin jakadanci, ya karya farashin kiran waje, ya kwashe romon ya bar wa tsohon kamfani ƙashi. Saboda haka aka tsara abin mataki-mataki: a ba mai saye wa'adi, ya riƙa ɗaga kuɗin haya yana sauke na kiran waje a hankali, a ƙarƙashin ƙa'idar da ke cewa matsakaicin ƙarin farashinsa kada ya wuce hauhawar farashin kaya bayan an cire wani kaso, shi kuma ya gina layukan da aka rubuta masa.

Inda aka rubuta sharuɗɗan da kyau, an ga aiki. A Disamba 1993 Hangari ta sayar da kashi 30 cikin ɗari da 'yan kai na Matáv, kamfanin wayar gwamnati, ga haɗakar Deutsche Telekom da Ameritech a kan dala miliyan 875, da babakeren kiran nesa da na waje har ƙarshen 2001, da sharaɗin ƙara layuka da kashi 15.5 cikin ɗari duk shekara. Kafin ƙarshen shekarun 1990 dogon layin jiran nan ya watse. Jamhuriyar Cek ta fi burge ni. A 1995 ta ba TelSource, haɗakar kamfanonin wayar Holan da Suwizalan, kashi 27 na SPT Telecom, kamfanin wayar gwamnatinta, a kan sama da dala biliyan 1.3, amma ta hanyar fitar da sababbin hannayen jari. Ma'ana kuɗin cikin asusun kamfanin suka shiga, suka zama kebul da injuna, ba aljihun ma'aikatar kuɗi ba.

Kwatanta wannan da Sabiya. A Yuni 1997 gwamnatin Milosevic ta sayar da kashi 49 na Telekom Srbija ga STET na Italiya da OTE na Girka a kan sama da mak biliyan ɗaya da rabi na Jamus, kaso mai tsoka kuma ya tafi wajen biyan bashin albashi da fansho gab da zaɓe. Wannan ba gyaran sadarwa ba ne, jinginar da gona ce don a yi cefanen yau.

Abin da za ka riƙe: kowace shekarar babakere da aka ƙara a takarda tana ɗaga kuɗin da mai saye zai biya, kuma masu waya ne za su biya shi daga baya. Ministan kuɗi kullum yana son wa'adin ya yi tsawo. Latbiya ta ba Lattelekom shekara 20 a 1994, da haɗakar Cable & Wireless da kamfanin wayar Finlan a matsayin mai kashi 49. Da ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1999 sai ta ɗauki alkawarin buɗe kasuwa a 2003, shekara goma kafin wa'adi, masu jarin suka kai ƙara gaban masu sulhu, ba a daidaita ba sai 2004. Armeniya ta fi kowa shan wuya: OTE ya sayi kashi 90 na ArmenTel a kan dala miliyan 142.5, da babakeren shekara 15 wanda ya haɗa har da salula. Sai da aka yi ta shari'a, aka sasanta a ƙarshen 2004, kafin kamfani na biyu, VivaCell, ya fara aiki a 2005. Makwabtanta sun daɗe da yin nisa a lokacin.

Injiniya Tagulla ya amsa:

Malam ya gama da ɓangaren kuɗi. Bari in ɗauki rabin tambayar na biyu, domin ranar da doka ta ce an buɗe kasuwa ba ita ce ranar da kira ke iya wucewa ba.

Sabon kamfani ba shi da waya zuwa gidajen mutane. Hanya uku gare shi, kuma biyu daga ciki ta ƙofar tsohon kamfani suke bi.

Ta farko, mai waya ya danna wata 'yar lamba kafin lambar da zai kira, injin tsohon kamfani ya gane ta, ya miƙa kiran ga sabon. A Foland 1033 ce ta TP (tsohon kamfanin gwamnati), 1044 ta NOM, 1055 ta Netia, 1066 ta Energis. Wannan yana buƙatar injin haɗa kira na dijital da ke iya tantance ƙarin lambobi, ya kuma aika lambar mai kira ta tsarin sigina na SS7, in ba haka ba babu yadda za a san wanda za a caja. To da yawan injunan da aka gada irin masu taka-taka ne da na kurosba, waɗanda ƙarfe ke motsi a cikinsu, domin takunkumin ƙasashen Yamma mai suna CoCom ya hana ƙasashen gabas sayen injunan dijital na zamani, kuma ba a rusa shi ba sai 1994. Duk garin da ba a canza masa inji ba, gasa ba ta isa can ba ko da doka ta isa. A Cek an buɗe kasuwa a Janairu 2001, amma zaɓen kamfani ta hanyar lamba bai fara ba sai tsakiyar 2002, ɗaukar lambarka ka koma wani kamfani kuma sai bayan nan. Wato an buɗe ƙofa an bar sarƙa a jiki na shekara ɗaya da rabi. A Foland NOM ya fara a 2001 ya faɗa rikici da TP a kan wanda zai rubuta wa mai waya takardar biya ya karɓi kuɗin. Ƙaramin abu ne a ido, amma kamfanin da ba ya iya karɓar kuɗinsa ya mutu a tsaye.

Ga wani wurin da ake shaƙe sabon shiga ba tare da an karya doka a fili ba. Ana haɗa cibiyoyin biyu ne da layukan E1. Kowane ɗaya kilobit 2,048 ne a daƙiƙa, gurbi 32, 30 na magana. In kana son kira ɗaya kacal cikin ɗari ya tarar da hanya a cike, E1 guda yana ɗaukar kimanin erlang 20, wato abin da zai ishi masu waya ɗari biyu zuwa ɗari huɗu a lokacin cunkoso. Sabon kamfani ya yi talla, ya samu mutum dubu ashirin, ya nemi ƙarin E1 hamsin, sai a ce masa babu gurbi a injin, ya jira wata shida. Mai kira ya ji layi a cike sau uku, ya koma tsohon kamfani yana cewa sababbin nan ba su iya aiki ba. Sai kuma batun inda za a haɗu. Kuɗin sauke kira hawa uku ne: in ka kawo kiran har injin garin, shi ne mafi araha, in ya ratsa babban inji ɗaya, ya ƙaru, in ya ratsa biyu, ya ƙara tashi. Tsohon kamfani kan ce ko dai ka haɗu da shi a wurare masu yawa, wanda ke cin jari, ko ka biya mafi tsada.

Hanya ta biyu ita ce hayar igiyar tagullar da ta tashi daga ofishin waya zuwa gida. Sabon kamfani ya kai na'urarsa ta DSL (mai kai intanet ta igiyar waya) cikin ginin tsohon, a cire igiyar daga babban allon rarraba layuka a jona masa. A takarda sauƙi gare shi. A aikace sai ka nemi ɗaki, wuta, sanyaya ɗaki, izinin shiga da dare in abu ya lalace, da bayanin tsawon kowace igiya. Kuma ita kanta tagullar ba lafiya gare ta ba. Saboda ƙarancin layi, an saba raba igiya ɗaya ga gida biyu, in maƙwabci na magana kai taka a mace take. An kuma saka na'urorin da ke cusa layuka da yawa a igiya ɗaya. ADSL, wani nau'in DSL, yana amfani da mita har kusan megahaz 1.1, waɗannan na'urori kuwa ba sa barinta ta wuce. Ko igiyar tsaf take, megabit 8 ɗin da ake faɗa na kusa da ofis ne, kana kaiwa kilomita biyar kusan babu komai. Wani abin ban dariya ya faru a gabashin Jamus: bayan haɗewa a 1990 aka shimfiɗa wa unguwanni da dama tsarin zaren gilashi mai suna OPAL, na zamani ƙwarai a lokacin, da DSL ya zo sai ya zama su ne ba sa samu, domin DSL tagulla yake so tun daga ofis har gida.

Hanya ta uku, ka gina taka. Foland ta ba da lasisin wayar cikin gari tun farkon shekarun 1990, Hangari ta kasa ƙasar yanki 54 ta ba wasu kamfanoni wani kaso. Netia da Dialog na Foland sun biya lasisi mai tsada, sun ci bashi da kuɗin waje, sun haƙa rami, amma da farko an hana su kiran nesa da na waje inda ribar take. Kiran cikin gari da ake sayarwa ƙasa da kuɗinsa kaɗai aka bar musu.

Hajiya Lauya ta amsa:

Malam Mai Lissafi, Allah ya ƙara sani, amma ina da ja a wuri ɗaya. Ka ɗora nauyin a kan tsawon wa'adi. Ni a ganina shekara takwas da alƙali ta fi shekara uku babu alƙali. Duk abin da Injiniya ya lissafa, E1 da ba a bayarwa, ɗakin da aka ce babu, rigima ce da wani zai yanke cikin makonni. Wa zai yanke?

A yawancin ƙasashen nan ma'aikatar sadarwa ce ke ba da lasisi, ita ke sa farashi, kuma gwamnatin ce ke riƙe da ragowar hannun jarin tsohon kamfani tana shirin sayar da shi. Kura ce aka ba ajiyar nama. Duk hukuncin da zai taimaki sabon shiga zai rage kuɗin da baitulmali ke sa rai. Dubi jerin ranakun Foland: an sa kashi 15 na TP a kasuwar hannun jari a 1998, an sayar da kashi 35 ga France Télécom da Kulczyk Holding a 2000 a kan sama da dala biliyan 4, hukumar sa ido mai zaman kanta kuma ba ta fara aiki ba sai 2001. An sayar da doki kafin a ƙera linzami. Romaniya ma haka: OTE ya sayi kashi 35 na Romtelecom a 1998 a kan dala miliyan 675, hukumar ta zo a 2002.

Matsin lambar gyara daga waje ta zo. Yarjejeniyar sadarwa ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ta fara aiki a Fabrairu 1998, ta ƙunshi sharaɗin raba hukumar sa ido da kamfani, da haɗa layi a farashin da ya dogara da ainihin kuɗin aiki. Tarayyar Turai ta buɗe tata kasuwar ranar 1 ga Janairu 1998, duk mai son shiga kuma dole ya kwafi dokokinta. Shi ya sa ranakun buɗewa suka taru wuri ɗaya: Istoniya da Cek a 2001, Lituweniya da Latbiya da Sulobakiya da Romaniya da Bulgeriya a 2003.

Ko bayan Foland da Sulobakiya sun shiga Tarayyar a 2004 halin bai canza nan take ba. A Yuni 2011 Hukumar Tarayyar Turai ta ci tarar TP yuro miliyan 127.5 saboda hana abokan gasa shiga cibiyarsa daga 2005 zuwa 2009. A Oktoba 2014 ta ci tarar Slovak Telekom da uwarsa Deutsche Telekom yuro miliyan 38.8 tare, da ƙarin miliyan 31 a kan uwar ita kaɗai. Ɗaya daga cikin laifuffukan shi ne matse riba, kuma ya kamata ɗalibi ya fahimce shi. A ɗauka, don misali kawai, tsohon kamfani na sayar wa gida intanet a 20, yana ba abokin gasa hayar igiya a 15, alhali na'ura da talla da karɓar kuɗi na cin 8. Sabon zai kashe 23 ya sayar a 20. Babu wanda ya hana shi shiga, lissafi ne ya kore shi. Gwajin da ake yi shi ne: shin reshen tsohon kamfanin da ke sayar wa jama'a zai ci riba in shi ma ya biya wannan farashin sarin?

Abin da ya motsa TP ma ba tara ba ce. Shugabar UKE (hukumar sa ido ta Foland) ta lokacin, Anna Streżyńska, ta yi barazanar tsaga kamfanin gida biyu, ɓangaren cibiya daban, na ciniki daban. A Oktoba 2009 suka rattaba hannu a kan yarjejeniya: TP zai yi wa kowa mu'amala iri ɗaya, ya samar da layukan intanet miliyan 1.2, a janye barazanar. A Cek kuwa mai kamfanin ne da kansa, PPF, ya tsaga O2 (magajin SPT Telecom) a 2015, ya ware cibiyar a matsayin CETIN mai sayarwa a sari kawai.

Ɗalibin Tattali ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura salular. Kuma in DSL ya sha wannan wahala, ta yaya Romaniya da Bulgeriya suka yi suna da intanet mai gudu?

Injiniya Tagulla ya amsa:

Salula ba ta gaji komai ba, kowa daga fili ya fara. Zangon farko, NMT 450 na analog, kusan duk haɗin gwiwa ne da tsohon kamfani: Westel a Hangari a 1990, Eurotel a Cekosulobakiya a 1991, Centertel a Foland a 1992. Tsada ce tsagwaronta, ta 'yan kasuwa. Da GSM ya zo sai aka ba da lasisi biyu a lokaci guda: Pannon da Westel 900 a Hangari a 1994, Era da Plus a Foland a 1996, Eurotel da Paegas a Cek a 1996, Connex da Dialog a Romaniya a 1997. Biyu ne ba don ra'ayi kawai ba. Zangon mitar 900 da GSM ke aiki a kai gaba ɗayansa megahaz 25 ne kowane ɓangare, tasha 124 masu faɗin kilohaz 200, kuma na'urorin saukar jiragen soja irin na Sobiyet na zaune a wani sashe nasa. Sai an kwashe su, ko a jira zangon 1800, kafin na uku ya samu wuri. Farashi kuma bai cika faɗuwa sosai ba sai na uku ko na huɗu ya shigo da yunwa: Vodafone a Hangari a 1999, Oskar a Cek a 2000, Play a Foland a 2007.

Shi ma na ƙarshen akwai tarkon da ke jiransa. Manyan kan sa kiran cikin layinsu araha, na fita waje tsada, sai kowa ya ƙi barin inda danginsa suke. Maganin da UKE ta yi wa Play shi ne ta bar shi ya karɓi kuɗin sauke kira sama da na manyan na wasu shekaru, tare da damar ƙaura da lamba.

Sai katin waya ya zo a ƙarshen shekarun 1990, daidai lokacin da ake ɗaga kuɗin hayar wayar girke kamar yadda Malam ya bayyana. Mai ƙaramin ƙarfi ya duba, ga layin da ya jira shekara goma yana cin kuɗi duk wata ko bai kira ba, ga kati da ba ya cin komai in kira kawai yake amsawa. Ya mayar da layin. Waɗanda suka biya biliyoyi don babakere sun wayi gari abin da suka saya na zagwanyewa tun wa'adin bai cika ba. Rasha ta bi wata hanya: an sayar da kashi 25 da hannun jari ɗaya na Svyazinvest, uwar kamfanonin wayar gwamnati, a Yuli 1997 a kan dala biliyan 1.875, Rostelecom ya riƙe kiran nesa har Janairu 2006, amma kamfanonin salula MTS da Beeline da MegaFon suka cinye kasuwa duk da cewa har Yuli 2006 mai amsa kira ma yana biya. Inda lasisi ya zama kyautar fada kuwa, dubi Uzbekistan: cin hancin da ya shafi Gulnara Karimova, 'yar shugaban ƙasar na lokacin, ya ja wa VimpelCom tarar dala miliyan 795 a 2016, Telia miliyan 965 a 2017, MTS miliyan 850 a 2019.

Romaniya da Bulgeriya tsallake tagulla suka yi gaba ɗaya. DSL ya makara, gidajen bene na zamanin gurguzu kuma na tara iyali ɗari ko fiye a gini ɗaya. Matasan unguwa suka sayi ƙananan na'urorin rarraba intanet, suka ja kebul na Cat5 daga bene zuwa bene ta kan rufi da turakun lantarki, megabit 100 a cikin unguwa, sannan su haɗa kuɗi su yi hayar layi ɗaya zuwa waje. Kebul ɗin ba ya wuce mita 100, don haka duk mita 100 sai an rataye wata na'ura a akwati, an jawo mata wuta daga matakala. Tsawa ɗaya kan ƙone jeri guda, domin tagullar da ke rataye tsakanin gine-gine biyu tana kwaso wutar ta kai ta kowace kafa. Wannan ya sa suka koma zaren gilashi tsakanin gine-gine, tagulla a cikin bene kawai. Daga baya RCS & RDS, wanda ake kira Digi yanzu, ya saye da yawansu ya ɗinke. Hukumar birnin Bukares kuma, da turaku suka cika da kebul kamar saƙar gizo, ta ba da kwangilar Netcity don a gina bututan ƙarƙashin ƙasa da kowane kamfani zai yi haya, aka shiga yanke na sama titi bayan titi.